Lissafin Gidan Maikuɗi

A asibiti aikina ƙirga ƙwayoyin jini,
jajaye nawa, farare nawa,
in leƙa madubi in gano ranar da fararen suka yi tawaye.
Yau kuwa ga ni kan tabarma, a wani ƙauye gabas da Jahun,
riƙe da takarda mai tambaya ashirin.
Na zo awon wani jinin daban,
wanda ke tsiyaya daga gindin rumbu.

Bara na rubuta a katinsa:
Maikuɗi Sule, shekara arba'in da ɗaya, sankarar jini.
A ƙasa na ƙara: ya daina zuwa.
Kalma uku. Na rufe, na ce a kira na gaba.

Tambaya ta farko: nawa kuka kashe?
Tasalla ta gyara mayafi, ta dubi yatsunta.
"Likita, lissafin naira ya ɓace mini,
bari in gaya miki yadda na riƙe shi.
Ranar da kuka huda ƙugunsa kuka ɗebi ɓargo,
buhun riɗi huɗu.
Ledar jini biyu, tunkiya da ɗanta.
Jan ruwan nan da ya kakkaɓe masa gashi,
shi ya ci injin markaɗena,
har yau da asuba kunnena na jiran ƙararsa.
Motar Kano kuwa, in ya kasa zaman matsi,
kujera uku muke biya mu biyu.
Kwana goma sha tara na yi a barandarku,
kwali ne katifata,
can ko ruwan sha sai da kuɗi."

Takardata na son lamba.
Ina neman gurbin da zan sa tunkiya.

Tambaya ta tara: kuna da inshora?
Ta yi 'yar dariya, ba ta kai ido ba.
"Inshorar talaka ai ɗan'uwansa ne.
Ƙaninsa Gambo ya sayar da babur,
yanzu a ƙafa yake cin kasuwar Gujungu.
Matan adashi sun ba ni kwasata kafin lokaci,
har yau ina zubi."

Ban tambaye ta dalilin daina zuwa ba,
babu shi a cikin ashirin ɗin.
Ita ta kawo shi da kanta.
"Zagaye na huɗu aka ce sai gonar fadama.
Mai saye har ya zo ya taka iyaka.
Da dare Maikuɗi ya kira ni, murya kamar zare,
ya ce, Tasalla, gara ƙasa ta ci ni
da in ci ƙasar 'ya'yana.
Ya ga shuka. Bai ga girbi ba."

A makaranta an koya mana auna magani da nauyin jiki,
ba wanda ya ce mu auna shi da tiya.
Layi ɗaya nake ja da biro, kafin shayina ya huce,
ashe garke nake kora kasuwa.

Gida ɗari biyu da sha ɗaya zan shiga.
In na gama, zan tsaya gaban manya a ɗaki mai sanyi,
in haska jadawali a bango,
in ce kashi kaza cikin ɗari sun sayar da kadara.
Tasalla za ta zama lamba ta tamanin da bakwai.
Wataƙila a tafa. Wataƙila wani ya sa hannu a wata takarda.

Na miƙe zan tafi, ta ce in dakata.
Ta fito da ƙwan zabi bakwai a ƙwarya,
an shimfiɗa musu ƙaiƙayi don kada su fashe.
"Kin yi ƙoƙari a kansa," in ji ta.

Na ce a'a. Ta ce ba a mai da hannun kyauta baya.
Har Kano ƙwaryar na kan cinyata,
bisa takardar,
kowane rami direba ya faɗa sai na riƙe numfashi.